Jinyar Karen Inna

Karen na Baba ne tun asali. Wata shekara bayan an kwashe amfanin gona, Fulani suka sauka a gonarmu da ke bayan ƙauye, can gaba da Ƙofa a ƙasar Kusada, shanunsu suna cin kara suna bar mana taki. Ranar da za su tashi, dattijon rugar ya miƙo ma Baba ɗan kwikwiyo ja mai langaɓaɓɓun kunnuwa, ya ce ya riƙe, uwarshi ba ta taɓa barin baƙo ya matso garke ba. Baba ya kawo shi gida a cikin malafa.

Inna ba ta yi murna ba. Tun a ranar ta gindaya sharuɗɗanta: ba zai taka tsakar gida ba, ba zai kusanci randa ba, kaskon cinshi da na ruwanshi kuma su tsaya can bayan danga inda ake ɗaure shanun huɗa da tumaki. Haka kuwa aka yi. Karen ya tashi ya san iyakarshi. Ko ƙofar zaure a buɗe take, a bakinta yake tsayawa, ya kwanta ya ɗora haɓa bisa ƙafafu yana kallon masu shiga da fita. Ba a raɗa mashi suna ba. Baba fito yake yi mashi, mu a gida mu ce karen Baba, mutanen gari su ce jan karen nan.

Da Baba ya rasu, na riga na daɗe da komawa Kankia. Tela ne ni, ina da ɗan shago a bakin titin Kano zuwa Katsina, ina zaune da matata da yaranmu a gidan haya. Yayyena mata duk suna gidajen aurensu a nesa, ni ne auta, ni ne kuma namiji. Na yi roƙon duniya Inna ta dawo wajena, ta ce wa za ta bar ma tumakinta, wa za ta bar ma ɗakin da ta shiga tun tana amarya. Sai na haƙura, na riƙa zuwa duk sati a kan babur.

A nan ne ita da karen suka saba, ba don wani ya so ba. Babu mai ba shi abinci sai ita. Mace ba ta yin fito, don haka in za ta kira shi sai ta ƙwanƙwasa kaskonshi da ɗan dutse. A shekarun nan satar dabbobi ta yi yawa a yankinmu, kuma ni a Kankia ba abin da ke kwantar mani da hankali kamar sanin cewa yana kwance a gindin turke. Ba a jima ba sunan ya juya, aka koma cewa karen Inna.

Wata safiya da kaka ina tsakiyar yanka yadi wayata ta yi ƙara. Baffa ne, ƙanen Baba, wanda gidanshi ke jikin namu.

“Auta, ka taho yanzu. Karenku ya haukace, uwarka kuma ta hana a kashe shi.”

Na ajiye almakashi, na bar ma maƙwabcina mai faci jiran shago, na hau babur.

Na iske maza sun yi cirko-cirko a bayan gidanmu, wasu da sanduna, wasu da ƙotar fartanya, wani ma da adda. Mata suna leƙe ta saman danga. Karen yana kwance a inuwar bishiyar bedi yana haki, bakinshi duk kumfa, ƙasar wajen ta turmushe. Inna kuwa ta kifa turmi tsakaninshi da mutanen ta zauna a kai, ta juya mashi baya, ta fuskance su.

Baffa ya tare ni da bayani. Ya ce karen yana cikin cin abinci sai ya yi wata irin ƙara, ya faɗi ya sandare, ya shiga shure-shure kamar ana yanka shi, har da fitsari. Da ya tashi kuma ya riƙa cin karo da danga kamar makaho.

“Ka dai san abin da ya faru bara a ƙauyen gabanmu,” in ji shi. “Kare ya ciji ɗiyar mutane, ka ji irin mutuwar da ta yi. Muna da ƙananan yara a garin nan.”

Ban ga laifinsu ba. Ni kaina tsoro nake ji. Na durƙusa gefen Inna na ce mata ta taso daga wajen.

Ba ta dube ni ba. Sai ta dubi Baffa.

“Ba hauka ba ne,” ta ce. “Mahaukacin kare cizo yake nema. Wannan faɗuwa ya yi, ya tashi bai san inda yake ba. Na san ciwon nan. Shekara nawa na yi ina goge irin wannan kumfar, kai ma kana gani?”

Samarin ba su gane ba, amma duk wanda ya manyanta ya sunkuyar da kai.

Ina da wata yaya, wadda nake bi, da ta tashi da farfaɗiya tun tana ƙarama. In ciwon ya kayar da ita, yara watsewa suke yi, manya ma su ja baya, don an yi imani wanda miyanta ya taɓa shi ma zai kamu. Ƙwaryarta daban take a kowane gidan biki. Inna kaɗai ke rungumar ta, ta tallafe mata kai har ta dawo hayyacinta. Ba irin maganin da ba a nema ba: rubutu, hayaƙi, saiwoyi, awakin Inna duk a nan suka ƙare. Ta fara zama budurwa ke nan ta tafi wanki kududdufi wata rana da damina, ciwon ya same ta a bakin ruwa, ba kowa kusa. A cikin ruwan aka tsinci gawarta. Ina yaro lokacin. Tun daga ranar ba a ƙara tada maganar ciwon a gidanmu ba, sai wannan safiyar.

Baffa ya jingine sandarshi. Ya ce, “Yaya, na ji. Amma ba za mu zauna a kan tsammani ba. Auta ya kai shi wajen likitan dabbobi yau ɗin nan. In an ce hauka ne, kada ya dawo da shi.”

Inna ta ce ta yarda.

Kai shi ɗin ma aiki ne. Duk direban da na tara, da ya ji kare ne sai ya ja motarshi. Daga ƙarshe wani mai a-kori-kura da ke kai awaki kasuwa ya amince, bisa sharaɗin ni zan wanke bayan motar da hannuna. Na ɗaure ma karen baki da tsumma, na sa mashi igiya, na zauna tare da shi a baya. Bai yi gardama ba. Jikinshi duk ya mutu, sai kallona yake yi duk sanda motar ta faɗa rami.

Likitan da na iske a Kankia mutumin kudu ne, Kirista, mai furfura a gefen kai. Ya daɗe yana aikin gwamnati a ƙasarmu har Hausarshi ta nuna, sai dai wani lokaci yakan ce ma mace “kai”. Da ya leƙa bayan motar sai ya yi dariya, ya ce shi shanu da tumaki ya saba gani, rabon da Bahaushe ya kawo mashi kare har ya manta. Ya yi mani tambayoyi masu yawa: ko ya ciji wani, ko wani karen ya cije shi, ko yana gudun ruwa, ko ya ci guba. Sa'an nan ya ce zai kulle shi a keji a bayan ofis ya sa mashi ido.

“In hauka ne, ba zai wuce ’yan kwanaki ba zai mutu da kanshi,” ya ce. “In ya wuce, to wani abu ne daban. Amma abincinshi kai za ka riƙa kawowa, tela. Gwamnati ba ta ba ni kuɗin tuwon kare ba.”

Kullum da safe kafin in buɗe shago sai in biya da ragowar tuwo a leda. Ana cikin haka ciwon ya sake kayar da shi a gaban likitan, ya gani da idonshi. Kwanakin suka cika karen yana ci yana sha yana kaɗa wutsiya. Likita ya yi mashi allurar rigakafin hauka, ya ce in zo in ɗauke shi.

Inna ta ce sai ta zo ta ji da kunnenta. Ta yafa mayafinta na zuwa unguwa, na ɗauko ta. Likita ya ba ta kujerarshi shi ya tsaya.

“Mama, kin yi gaskiya,” ya ce. “Farfaɗiya ce. Ba ta warkewa, amma ana danne ta. Ga ƙwaya, safe da yamma, kullum, har iyakar rayuwarshi. Kada a tsallake, don in an daina farat ɗaya ciwon ya fi dawowa da ƙarfi. In ya faɗi kada a sa mashi hannu a baki, a janye abin da zai ji mashi ciwo, a bar shi a inuwa. Kuma ba ya yaɗuwa. Ko ga mutum, ko ga dabba.”

Inna ta karɓi ƙullin maganin tana juya shi. Ƙananan ƙwayoyi ne farare, ba su kai ƙwayar wake ba.

“Likita, wannan ta dabbobi ce kaɗai?”

“A'a Mama, ta mutane ce ma. Ita ake ba masu farfaɗiya a asibiti.”

“Tun yaushe ake da ita?”

“Ai tun kafin a haife ni.”

Ta ƙulle maganin a bakin zanenta, ta yi mashi godiya, muka fito. Sai da muka isa gida, na sauke karen na ɗaure shi a gindin bedi, sa'an nan ta ce mani, ba tare da ta ɗago ba, “Asibitin Kankia yana nan a lokacin, Auta. Babanka ma ya taɓa kwanciya a cikinshi.” Can ta ce, “Allah bai nufa ba.” Ta shige ɗaki, ranar ba ta ci abinci ba.

Washegari ta fara aikinta. Bayan sallar asuba ƙwaya ɗaya, gab da magariba ɗaya. Da farko a cikin lomar tuwo take cusawa, sai ja'irin ya haɗiye tuwon ya furzar da ƙwayar a gefen kasko. Ta gane shi, ta koma dunƙulawa a cikin tunkuza, wadda ba ya iya haƙurin taunawa. Makonnin farko maganin ya riƙa bugar da shi, yana tafiya yana tangaɗi, yana barci tsakar rana. Baffa ya samu abin tsokana, in ya zo wucewa sai ya ce, “Yaya, kin mai da karen yayana ɗan ƙwaya.” Ta ce mashi ya bari dai ya gani. Sannu a hankali jikin ya saba, tangaɗin ya tafi, haushin ya dawo. Ciwon da ke zuwa a kai a kai ya koma sai an yi watanni ba a gan shi ba.

Akwai wata mata a unguwar su Inna da ke da ɗiya mai irin ciwon, an ɓoye ta a ɗaki, ko makaranta an cire ta. Kowa ya sani, ba mai magana. Wata rana Inna ta yafa mayafi ta shiga gidan. Ban san abin da suka ce ma juna ba, don ba ta taɓa faɗa mani ba. Na dai san cewa satin da ya biyo baya matar da mijinta sun sauka a shagona da yarinyar, suna tambayar hanyar asibiti. Na raka su har ƙofa. An ɗora ta kan magani, kuma kafin shekara ta zagayo na gan ta cikin yara da kayan makaranta. Ko da jinyar karen nan ba ta haifar da komai ba sai wannan, ni dai na gode ma Allah.

Sai maganar kuɗi. Shekarar farko ban ji jiki ba sosai. Ƙwayar ba ta da tsada a lokacin, illa dai ba a sayar da ita sai da takardar likita, saboda samari masu shaye-shaye suna nemanta, kuma ba kowane kyamis ke ajiye ta ba. Abin da ya fi ci shi ne gwajin jini. Likita ya ce maganin yana iya taɓa hanta, don haka lokaci-lokaci sai an ɗebi jininshi an aika Katsina. Ga kuɗin mota, ga na allurar rigakafi duk shekara, ga na tsutsar ciki. Abokaina na majalisar mai shayi suka mai da ni abin dariya. Da na zauna sai wani ya gyara murya ya ce, “Tela, ya mai jiki?” a fashe da dariya. Nakan ce da sauƙi, in sha shayina.

Sai kaya suka yi tsada. Mai ya tashi, komai ya bi shi. Ƙwayar da nake saye ba tare da na yi tunani ba ta ninka, ta sake ninkawa. A daidai lokacin ɗinki ya ja baya, don wanda bai ci ya ƙoshi ba ba ya ɗinka sabuwar riga, sai dai faci da ragin wuya. Matata kuma tana da tsohon ciki.

Wata rana da hantsi ta same ni a shago. Ba ta saba zuwa ba. Ta zauna a bencin masu jiran kaya, ta bari na gama layin da nake bi.

“Baban yara, ina da magana, kuma kada ka ɗauke ta da zafi. Ni ban ƙi karen nan ba, ni ke ƙulla mashi tuwo lokacin da yake keji. Amma takalmin babban yaronka ya rabu biyu, ba mu sayi komai na haihuwa ba, kuma jiya na ga ka raba abin da ka samu, rabi gida rabi kyamis. Har yaushe?”

Gaskiya ta faɗa. Na ce mata ba karen nake saya ma magani ba shi kaɗai, na ce ta tuna da Inna. Tun rasuwar Baba ban ga abin da ke tashinta da ƙarfinta kamar wannan ƙwayar ba.

“Na sani,” ta ce. “Shi ya sa ban ce ka daina ba. Cewa na yi ka nemo hanya, don wannan ba za ta kai mu ba.”

Kafin in nemo hanyar, abin da likita ya gargaɗe mu a kai ya faru. Tsakiyar damina ce, maganin ya yanke a Kankia gaba ɗaya. Na zagaya duk masu kyamis, kowa ya ce ana jiran kaya. Na ba wani direba saƙo Katsina, ya dawo hannu biyu. Wanda ke wajen Inna ya ƙare. Kwana kaɗan da ƙarewarshi, da azahar, Baffa ya kira ni ya ce karen yana faɗuwa yana tashi tun safe, kafin ya farfaɗo daga wannan wani ya zo, kuma Inna tana zaune a wajen cikin yayyafi ta ƙi shiga.

Na ruga ofishin likita. Na iske ya cire takalmi zai ci abinci. Ya saurare ni, ya rufe kwanon, ya zuba allurai a jaka ya ce mu tafi. Hanyar ta lalace da ruwa. Sau da yawa sai ya sauka in tura babur ɗin cikin taɓo, shi yana biye da jaka a kai, wandonshi naɗe har gwiwa. Mutum ne mai jiki, ga shekaru. Wani wajen ya zame ya zauna daɓas cikin laka, ya tashi yana dariya yana cewa matarshi za ta kore shi yau.

Mun iske karen ba ya ko iya ɗaga kai. Inna ta kafa mashi rumfa da tsohuwar tabarma, ita kuma ta jiƙe sharkaf. Likita ya durƙusa ya yi mashi allura, ya jira, ya ƙara wata. Muka zauna muna kallo. A hankali shure-shuren ya lafa, numfashin ya daidaita, barci ya ɗauke shi. Likita ya bar mana ’yan ƙwayoyin da ya samo wajen wani abokin aikinshi, ya ce su riƙe mu kafin kaya su iso.

Da na tambaye shi abin da zan biya, kuɗin allurar kawai ya faɗa. Na ce na tafiyar fa? Ya ce ai shi aka ɗauka a babur kyauta. Inna ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya cike da ƙwan zabi. Ya fara cewa a'a, ta ce, “Likita, ba a mai da hannun tsohuwa.” Ya karɓa da hannu biyu.

A hanyar komawa, muna tura babur, ya tambaye ni yadda kasuwa take. Ban yi niyyar yi mashi kuka ba, amma na faɗa mashi gaskiya. Bayan ’yan kwanaki sai ga matarshi a shagona, wata mai fara'a da ke sayar da kayan masarufi a cikin gari, ɗauke da ƙunshin atamfa. Ta ce matan cocinsu za su yi anko, telansu ya koma gida, ko zan iya ɗinkin riga da siket irin nasu? Ban taɓa yi ba. Na ce ta bar mani tsohuwar rigarta guda. Na farke ta, na ga yadda aka haɗa, na mayar. Na farko da na ɗinka hannun ya matse, ta dawo da shi tana dariya, na gyara. Daga nan ƙofa ta buɗe. Ankon biki, kayan Kirsimeti, rigunan masu waƙa a coci, har na yaran makarantarsu. Lokacin da ɗinkin salla ya wuce kowane tela yana hamma, ni kekena yana gudu. Da kuɗin wannan aikin aka yi suna da matata ta haihu, da shi aka sayi takalmi, da shi kuma na fara sayen maganin da ɗan yawa ina ajiyewa don kada a sake yanke mana. Matata ita ta karɓi ajiyar, ita ke tuna mani in ya kusa ƙarewa.

Taimako na biyu daga inda ban zata ba ya zo. An kwance ma wani maƙwabcin Baffa shanu, hankalin kowa ya tashi. Sai Baffa ya kora nashi shanun huɗar ya kawo bayan gidanmu ya kafa masu turke kusa da na Inna, ya ce wajenshi ya yi laka. Inna ta ce, “Lakar ce, ko ɗan ƙwayar ne?” Ya yi kamar bai ji ba. Ranar da na zo, ya ja ni gefe ya ce tunda karen yana tsaron nashi ma, ba daidai ba ne a bar mani nauyin ni kaɗai. Daga lokacin, duk sanda aka tashi gwajin jini shi ke ɗauka. In ya sayar da wake ko gyaɗa sai ya ware wani abu ya ba Inna ya ce na mai gadi ne. Ranar da Inna ta kwanta zazzaɓi, shi ya riƙa dunƙula tunkuzar da hannunshi, yana yi yana mita. Mutanen majalisa ma, ban san ranar da abin ya sauya ba, sai na lura in sun ce “ya mai jiki” ba mai dariya, jiran amsa suke yi.

Karen ya yi shekaru a haka. Ciwon bai rabu da shi ba. Yakan zo jifa-jifa, musamman in zafi ya tsananta, Inna ta janye kasko ta zauna kusa har ya wuce, sa'an nan ta ba shi ruwa. Yaran unguwa sun daina gudu, sukan tsaya daga nesa wani ya ce ma wani a bar shi zai tashi. Bakinshi ya yi fari, ya yi nauyi, haushin ya dushe, amma ko akuya ba a taɓa kwancewa a bayan gidanmu ba.

Hantar ce ta gaza daga ƙarshe, kamar yadda aka faɗa mana tun farko. Ya fara ƙin abinci, cikinshi ya kumbura, idanun suka yi ɗorawa. Likita ya zo ya duba shi, ya ce ma Inna gaskiya: ya tsufa, babu sauran abin da magani zai yi, sai dai a sauƙaƙa mashi. Ta ce to. Ta riƙa dama mashi kunu mai ruwa-ruwa yana lasa. Wata ranar bazara da hantsi ta fito da kunun ta iske ya mutu a inda ya saba kwanciya, tsakanin turakun shanu. Ni da Baffa muka ɗora shi a amalanke muka kai gefen gona, muka haƙa rami mai zurfi muka rufe. Inna ba ta bi mu ba. Da muka dawo ta zuba mana ruwan wanke hannu, ta ce, “Ya yi aikinshi, mu ma mun yi namu. Alhamdu lillahi.”

Ba a daɗe ba likita ya yi ritaya, ya ce zai koma garinsu. Na rasa abin da zan yi mashi. Sai na sayi shadda mai kyau, ruwan toka, na ɗinka mashi kaftani da wando, na kai aka yi aiki a wuya, na haɗa da hula. Ban auna shi ba, idona ya riga ya san jikinshi. Inna ta aiko da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ta ce a faɗa ma matarshi kada ta bari ya manta da miyar arewa. Ranar tafiya na same su a tasha ana ɗaure kaya a saman mota. Ya buɗe ledar a nan cikin mutane, ya zura kaftanin bisa rigar da ke jikinshi, ya kafa hular a karkace, yana juyawa yana tambayar ’yan kamasho ko ya yi kama da Alhaji.

Har yanzu yakan kira ni duk salla. In ina ƙauye sai in miƙa ma Inna wayar, ta riƙe ta nesa da kunne tana ɗaga murya kamar daga nan zai jiyo ta. A sallar da ta wuce na ji yana tambayarta ko ta samu wani karen.

“Ni na tsufa da raino, Likita,” ta ce. “Ƙanen mijina ne ya samo wani baƙi, mai ɓarna, jiya ma ya kashe mani ɗan tsako.”

“An yi mashi rigakafi?”

Inna ta dubi Baffa, wanda ke zaune a tabarma yana cin naman salla. Ya daina tauna.

“Gobe,” in ji Baffa. “Ki ce mashi gobe.”